Cajin tura kirifto yana cinye mana kuɗi, ya ake rage shi?

Nura: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina da tambaya ga manyanmu. Ni aikin da nake yi a intanet da USDT, wato kirifton da ke bin farashin dala, ake biya na kuma kaɗan-kaɗan suke shigowa, yau dala 15 jibi dala 30, toh duk sanda na zo fitar da su zuwa walat ɗina sai a yanke wani abu, in zan tura wa wani a sake yankewa, in na zo sayarwa nan ma a taɓa. Da na zauna na haɗa lissafin wata guda wallahi abin ya tsaya min a rai. Wace hanya kuke bi kuna rage wannan cajin? Kuma wai shi cajin ma aljihun wa yake shiga?

Sadiku: Wa alaikumus salam. Ka riƙa bi ta TRC20, wato netwok ɗin Tron, kawai ka huta. Kar ka kuskura ka taɓa ERC20 na netwok ɗin Ethereum, shi ne mai cin kuɗin.

Malam Habu: Sadiku ka yi sauri. Bari mu fara raba masa abin tukuna, don cajin da yake kuka da shi ba iri ɗaya ba ne, kuma ba hannu ɗaya ke karɓa ba. Nura, akwai cajin netwok, wanda masu tabbatar da tiransfa a kan bulokcen, wato kundin da ake rubuta duk tiransfa, ke karɓa, wannan ba kamfanin da ya sa shi, cunkoso ne ke ɗaga shi ko ya sauke shi. Akwai cajin cirewa wanda ekscenj, wato kamfanin saye da sayar da kirifto, ke yanka in za ka fitar da kuɗinka daga wajensu, wannan su suka yanke abinsu, wani lokaci ya ninka abin da su ɗin suka biya netwok. Sai cajin saye da sayarwa. Sannan akwai wanda ba a rubuta maka shi ko'ina, wato tazarar da ke tsakanin farashin da aka ba ka da ainihin farashin kasuwa. A cikinsu wanne ya fi cizon ka?

Nura: Malam ina ganin na cirewar ne. Ko dala 15 zan fitar ko 30 abu ɗaya suke yankewa.

Malam Habu: Toh ka ga bakin zaren ke nan. Tunda cajin a tsaye yake ba ya kallon yawan kuɗin, mu ce dala 1 ne, in ka cire dala 20 ka ba da kashi 5 cikin ɗari na guminka. In ka bari suka taru suka kai dala 200 ka cire sau ɗaya, rabin kashi ɗaya ka bayar. Netwok ɗaya, ekscenj ɗaya, ba abin da ka canza sai yawan zuwa. Kafin ka fara neman wace hanya ce mai araha fara rage yawan fitar tukuna.

Sadiku: Haka ne Malam amma duk da haka TRC20 ɗin dai shi ne mafita, kowa shi yake karɓa.

Anti Zee: Sadiku wannan maganar taka ta shekarun baya ce fa. Kowa yana karɓar sa, eh na yarda, amma araharsa ba kamar yadda ake yayatawa ba ce, musamman in daga walat ɗinka za ka tura ba daga ekscenj ba. Tron abu biyu yake ci, bandiwit da enaji. Bandiwit ana ba kowane asusu 600 kyauta a rana, wannan ya isa tura USDT sau ɗaya. Enaji kuwa ba a ba ka ko ɗaya, kuma tura USDT na cin wajen 65,000, in adireshin da za ka tura wa bai da USDT a ciki ko kaɗan sai ya ci kusan ninki biyu. In ba ka da enajin sai a ƙona TRX ɗinka, wato kuɗin netwok ɗin Tron, a madadinsa. Shi ya sa za ka ga mutum ya tura wa wannan an cire masa kaza, ya tura wa wancan an cire ninkinsa, ya rasa dalili.

Maman Ilham: Innalillahi, ashe abin da ke faruwa ke nan. Ni na ɗauka manhajar ce take min wasa da hankali. Toh Anti ya ake samun enajin?

Anti Zee: Hanya biyu ce Maman Ilham. Ko ki kulle TRX ɗinki a netwok ɗin, kullum a riƙa ba ki enaji gwargwadon abin da kika kulle, ko ki yi hayarsa na awa ɗaya ko kwana ɗaya wajen masu ba da haya, yawanci ya fi ƙona TRX sauƙi sosai. Kullewar tana da amfani ne ga mai tura kuɗi kullum, don sai kin kulle TRX mai ɗan yawa kafin ki samu na tiransfa ɗaya a rana, kuma in kika ce a buɗe miki sai kin jira kwana 14 kafin ki iya taɓa su. Mai tura kuɗi sau biyu a wata ba ruwansa da wannan. Haya kuma a yi hattara, mai ba da hayar enaji adireshinki kawai yake buƙata. Duk wanda ya ce ki haɗa walat ki danna amincewa, ko ki ba shi kalmomin sirrin nan 12, ɓarawo ne, ki rufe shafin.

Sadiku: Toh in ba Tron ba sai ina Anti? Ethereum ɗin da mutum zai tura dala 20 a caje shi 15?

Anti Zee: An yi wannan zamanin kam, ban musa ba, 2021 mun ga abin da ya fi haka. Amma ka san me ya sa? Ethereum gas yake ƙirgawa, wato yawan aikin da tiransfa ɗinka ya sa netwok. Tura ETH zalla, wato kuɗin Ethereum ɗin kansa, gas 21,000 ne daram, ba ya canzawa. Tura token irin USDT ya kai ninki biyu zuwa uku na haka, musanya a Uniswap, kasuwar canjin token, kuma ya haura 100,000. Sai a ninka da farashin gas na lokacin, wanda ake auna shi da gwei, wato kashi ɗaya cikin biliyan na ETH. In gwei 10 ne, 21,000 sau 10 ya ba ka 0.00021 ETH. In ya hau gwei 100 ya zama 0.0021 ETH. A ce misali ETH na dala 3,000, na farkon senti 63 ke nan, na biyun dala 6 da senti 30, aiki ɗaya fa. Kuma yanzu ma ba dole sai ka hau babban titin ba, ga Arbitrum ga Optimism ga Base, su suna tattara tiransfa dubbai su dunƙule su kai wa Ethereum a haɗe, kowa ya biya ɗan guntu. Tun da aka yi gyaran Ethereum mai suna Dencun a watan Maris na 2024 cajinsu ya faɗo warwas, sau da yawa 'yan senti ne ko ma ƙasa da senti.

Baffa: Ni dai duk wannan wahalar ban ga amfaninta ba. Ku bar kuɗinku a ekscenj. In wanda za ka tura wa yana da asusu a inda kake, tura masa ta lambar asusunsa ko imel, kyauta ne kuma nan take yake shiga, don bai ma taɓa bulokcen ba, a littafinsu kawai suke sauya suna. Ba gas ba enaji ba komai.

Malam Habu: Baffa abin da ka faɗa gaskiya ne kuma Nura ya kamata ya riƙe shi, in mai biyansa da shi suna ekscenj ɗaya to asara ce a bi ta netwok. Amma "ku bar kuɗinku a can" ɗin nan ban bi ka ba. Mutanen da ke ekscenj ɗin FTX a watan Nuwamba na 2022 su ma ba sa biyan gas, rana ɗaya aka rufe ƙofar cirewa. Kafin su ekscenj ɗin Mt. Gox ya durƙushe a 2014. Kuɗin da kake juyawa a sati ya zauna a can ba laifi, amma abin da ka tara na ajiya ka biya dalar nan ɗaya ka kai shi walat ɗin da makullinsa ke hannunka.

Baffa: Malam ai walat ɗin ma ana kwashe wa mutane. Nawa aka yi wa a gidan nan?

Malam Habu: Ana yi, kuma kusan duka ta hanyar kalmomin sirri ne ko danna linkin da ba a sani ba. Wannan abu ne da mutum zai iya kiyayewa da kansa. Rufewar kamfani kuwa ba ka da ta cewa a ciki. Amma kar mu kauce, maganar caji muke.

Kabiru: Afuwan jama'a zan katse ku, tunda maganar ta zo. Tun jiya da yamma na tura Bitcoin daga walat ɗina, har yanzu bai shiga ba, yana nuna ana jira. Mutumin sai kira na yake yi. Kuɗin sun ɓata ne?

Malam Habu: Ba su ɓata ba, kwantar da hankalinka. Buɗe mempool.space ka liƙa lambar tiransfa ɗin, ka faɗa min nawa aka rubuta a wajen sat/vB, wato satoshi (ɗan ƙaramin ɓarin Bitcoin) nawa ka biya a kan kowane bayit na nauyin tiransfa ɗin. Kar ka turo lambar a nan, adadin kawai.

Kabiru: An rubuta 2 sat/vB. A sama kuma inda akwatunan nan suke jere na farkon yana nuna wajen 11.

Malam Habu: Yauwa. Ka zaɓi mafi ƙarancin caji ne lokacin turawa, layi kuma ya cika bayanka. Bari in yi bayanin yadda kowa zai amfana. Bitcoin duk wajen minti 10 ake fitar da bulok ɗaya, kuma wurin da ke cikinsa ƙayyadadde ne, masu haƙa kuwa, wato masu haɗa bulok ɗin, wanda ya fi biya a kan kowane bayit suke fara ɗauka. Kamar motar ɗaukar kaya ce, direba bai damu da ko zinariya ce a buhunka ko ƙaiƙayi ba, wurin da buhun ya cinye yake caji, in kaya sun yi yawa a tasha kuma wanda ya ƙara kuɗi shi ake fara lodawa. Shi ya sa mai tura Bitcoin na dala miliyan zai iya biyan ƙasa da mai tura na dala 50. Kabiru duba cikin walat ɗin, in ka danna tiransfa ɗin akwai wajen da aka ce a ƙara caji ko a hanzarta, wasu suna rubuta RBF. Ka mai da shi 12 ko 13.

Kabiru: Na gani Malam. Ya nuna min sabon cajin 1,833 sat. In danna?

Malam Habu: Danna. Lissafin ya yi daidai, tiransfa ɗinka wajen 141 vB ne, sau 13. Tsohon zai mutu sabon ya maye gurbinsa, ba sau biyu za a cire maka ba. Ka sanar da mutumin cewa lambar tiransfa ɗin ta canza don kar ya yi ta duba tsohuwar.

Maman Ilham: Malam in walat ɗin mutum ba shi da wannan wajen fa?

Malam Habu: Sai wanda aka tura wa ya taimaka, ya kashe kuɗin da bai gama shigowa ba da caji mai kauri, mai haƙa in yana son na biyun dole ya ɗauki na farkon, ana ce masa CPFP. Ko kuma a yi haƙuri kawai, in layi ya ragu zai wuce, in kuma ya daɗe sosai, yawanci wajen sati biyu, kwamfutocin netwok su sauke shi kuɗin su koma hannun mai su. Ni a ganina sa ƙaramin caji ba laifi ba ne, dabara ce ma mai kyau in ba sauri kake ba, kamar in kana kai kuɗi walat ɗinka na ajiya. Inda ake jiran ka ne bai dace ba.

Nura: Malam ni ma wani lokacin ana ba ni Bitcoin ƙanana-ƙanana. Na taɓa zuwa turawa na ga cajin ya fi na abokina nesa ba kusa ba alhali lokaci ɗaya muka duba. Me ya jawo?

Malam Habu: Wannan ita ce tambayar da nake so a yi. Balans ɗin da kake gani a walat ba dunƙule yake ba, duk shigowar da aka yi maka guntu ne mai zaman kansa. In ka zo turawa walat zai tattaro guntayen da za su cika adadin, kuma kowane guntu yana ƙara wa tiransfa ɗin nauyi, wajen 68 vB a adireshin da ya fara da bc1q. Mai guntu ɗaya 141 vB zai biya, kai mai guntu 20 ka haura 1,400, ninki goma ke nan a kan kuɗi iri ɗaya. Maganinsa ka riƙa leƙa layin, ranar da ka ga ya sauko 1 ko 2 sat/vB sai ka tura duka guntayen zuwa adireshinka na kanka su zama ɗaya. Ka biya nauyin a ranar araha, ranar tsada kana ɗauke da guntu ɗaya. Sai dai ka sani haɗa su yana nuna wa duk mai bibiya cewa adireshin nan duka na mutum ɗaya ne, in wannan ya dame ka sai ka haɗa su rukuni-rukuni. Sannan ka duba irin adireshinka. In da 1 ya fara tsohon samfuri ne, guntu ɗaya a can yana cin wajen 148, fiye da ninki biyu. SegWit, tsarin da ya kawo adireshin bc1q, tun watan Agusta na 2017 ya fara aiki amma har yau ina ganin masu karɓa da tsohon adireshi, suna biyan kuɗin da ba dole.

Anti Zee: In ƙara a kan na Malam, lokaci ma yana da tasiri. Asabar da Lahadi da kuma sa'o'in da Amurka ke barci layi ya fi sauƙi a Bitcoin da Ethereum duka. Kuma in ana wani rububi a kauce kawai. A watan Mayu na 2023 da aka yi rububin token ɗin BRC-20 layin Bitcoin ya cushe har ekscenj ɗin Binance ta dakatar da cire BTC na ɗan lokaci, haka ranar da aka rage ladan masu haƙa zuwa rabi a Afrilun 2024 da token ɗin Runes suka fito caji ya yi tashin gwauron zabi. Wanda ya jira 'yan kwanaki ya tura da kaso kaɗan na abin da masu gaggawa suka biya.

Sadiku: Toh duk na ji. Amma ni dabarar da nake yi in zan kai kuɗi daga wannan ekscenj zuwa wancan, sai in mai da su wani kirifton kamar XRP ko XLM ko Litecoin in tura, in sun isa in mai da su USDT. Cajin XRP 0.00001 ne fa a netwok, kusan kyauta, kuma cikin daƙiƙoƙi ya isa.

Anti Zee: Wannan dabarar tana aiki amma ba a kowane adadi ba, yi lissafin ka gani. Saye kashi 0.1, sayarwa kashi 0.1, jimla 0.2. A dala 50 senti 10 ke nan, ka tsere wa cajin dala 1, ka ci riba. A dala 2,000 kuwa dala 4 ka biya don gudun dala 1. Ban ma sa motsin farashi ba, a 'yan mintunan da kake riƙe da XRP ɗin zai iya sauka da rabin kashi, dala 10 ta tafi. Ƙaramin kuɗi a bi ta nan, babban kuɗi a tura USDT ɗin kai tsaye.

Sadiku: Gaskiya ban taɓa juya shi ta wannan fuskar ba Anti. Amma a ƙananan kuɗi irin na Nura ai ta yi.

Anti Zee: Ta yi, in bai manta tag ba. XRP da XLM in za su shiga ekscenj adireshi ɗaya mutane da yawa ke amfani da shi, tag ko memo ɗin ne ke nuna naka ne. Ka bar wajen fanko kuɗin su isa amma ba su san na wa ba ne, sai ka yi ta rubuta musu saƙo kana jira.

Baffa: Tunda an zo maganar saye da sayarwa, ni abin da na lura mutane na asara a kai ba su sani ba shi ne maɓallin nan na konbat, mai canza maka wannan kirifto zuwa wancan nan take. Ana rubuta maka babu caji, ka ji daɗi ka danna. Amma ka buɗe kasuwar sifot, inda masu saye da sayarwa ke sa farashinsu, a lokacin ka kwatanta farashin da suka ba ka, za ka ga bambanci, cajin yana cikin farashin. A ɗan ƙaramin kuɗi ba komai, sauƙinsa ya biya. In kuɗin da kauri ka sa limit oda da farashin da kake so ka jira. Wasu ekscenj ɗin ma mai ajiye oda ya fi mai ɗauka biyan kaɗan. A Binance kuma in ka kunna biyan caji da BNB, kirifton su, ana rage maka kashi 25 na cajin sifot.

Malam Habu: Wannan magana ce Baffa. Kuma saye da kati kai tsaye ya fi duka tsada, nan ne za ka ga kashi 2, 3 har sama sun tafi kafin ma ka fara.

Maman Ilham: Anti Zee koma kan Arbitrum ɗin nan dan Allah. Ni abin da ke ba ni tsoro adireshinsu duk iri ɗaya ne, 0x kaza kaza. Ya zan san ban yi kuskure ba?

Anti Zee: Tsoronki a kan hanya yake. Ethereum, BNB Chain, Polygon, Arbitrum, Base duk adireshi ɗaya suke amfani da shi, don haka manhaja ba za ta hana ki ba in kin zaɓi wanda ba shi ba. In walat ɗinki ne na kanki da sauƙi, ki ƙara netwok ɗin a ciki za ki ga kuɗinki zaune. In kuwa ekscenj kika tura wa ta netwok ɗin da ba sa karɓa, toh sai yadda suka ga dama, wani lokaci su dawo da shi bayan sun caje ki, wani lokaci shi ke nan. Don haka daga wajen mai karɓa ake farawa. Ki buɗe shafin difozit ɗinsa ki ga netwok ɗin da ya lissafa, a cikinsu ki zaɓi mai araha, sannan ki koma wajen turawa ki zaɓi wannan ɗin sak. Abu na biyu, kowane netwok da kuɗin gas ɗinsa. USDT ɗinki na Arbitrum ba zai motsa ba sai kina da ɗan ETH a Arbitrum ɗin, ba a Ethereum ba. Na BNB Chain sai da BNB, na Solana sai da SOL, na Tron sai da TRX. Mutane da yawa suna cire USDT ta hanya mai araha su zo turawa su tarar ba gas, sai sun sake biyan wani cajin cirewar don kawo na dala 2.

Nura: Wannan ya taɓa samu na, kuɗi ina kallon su amma ba halin taɓawa.

Sadiku: Shi ya sa fa na ce Tron. Ka ga yanzu an fara lissafo matsaloli.

Anti Zee: Tron ɗin ma ai sai da TRX, Sadiku, matsalar ɗaya ce. Inda zan ba ka gaskiya shi ne wajen fita. In mutumin da zai sayi USDT ɗin Nura TRC20 kaɗai yake karɓa, toh kai kuɗin Base don an ce senti ɗaya ne bai amfane shi ba, don sai ya sake mai da su ekscenj ya sake cirewa, ya biya sau biyu. Ko ya bi ta gada, wato hanyar tsallakar da kuɗi daga wannan netwok zuwa wancan, ita ma da cajinta, kuma gadar asali ta Arbitrum ko Optimism in za ka koma Ethereum kwana 7 ake jira. Gadoji kuma nan ne aka fi yin manyan sata, Wormhole a Fabrairun 2022 sama da dala miliyan 300, Ronin a Maris ɗin shekarar sama da miliyan 600. Ni ba na bin gada don rage senti 50.

Malam Habu: Abin da nake so Nura ya yi ke nan, ya ɗauki takarda ya rubuta tafiyar kuɗin tun daga hannun mai biyansa har inda za su ƙare, kowane zango da abin da ake yanka. Sau da yawa za ka tarar akwai zangon da bai da amfani sam. Kai da ake biyan ka a ekscenj kuma a ekscenj ɗin kake sayarwa, me ya kai kuɗin cefanenka walat su dawo? Zango biyu ke nan na banza.

Nura: Wallahi haka nake yi Malam, ina fitar da su ne don na ji an ce kar a bar kuɗi a ekscenj, bayan kwana uku kuma in dawo da su in sayar.

Malam Habu: Toh raba su. Na kashewa ya zauna inda za a sayar da shi, na ajiya ya taru ya fita sau ɗaya a wata.

Maman Ilham: Tambaya ta ƙarshe daga ni. Ana cewa a fara tura ɗan kaɗan a gwada kafin a tura duka. Wannan ba ninka caji ba ne?

Baffa: Ninkawa ne mana. Ni ba na yi, ina duba adireshi sau biyu in tura.

Anti Zee: Ni kam ina yi, in adireshin sabo ne ko netwok ɗin ban saba da shi ba kuma kuɗin da yawa. Dala 1 a kan dala 1,000 ba abin da za a yi jayayya a kai ba ne. A dala 20 kuwa ba shi da ma'ana, na yarda da Baffa. Sai dai gwajin ya haura mafi ƙarancin difozit ɗin da ekscenj ɗin ya sa, in ba haka ba ba zai bayyana ba ki ɗauka hanyar ce ba kyau. Kuma bayan gwajin kar ki kwafi adireshin daga tarihin walat ɗinki. Akwai masu turo ɗan ƙurar token daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da wanda kika tura wa, don ki kwafi nasu. Koma inda kika samo shi tun farko ki sake kwafowa, ki duba har tsakiyarsa.

Malam Habu: Ƙarin abu ɗaya ga masu amfani da walat ɗin MetaMask da irinsa, kar ku rage iyakar gas da hannu don neman sauƙi. Farashin gas za ka iya saukarwa ka jira, amma iyakar in ta gaza tiransfa ɗin zai faɗi a tsakiya kuma gas ɗin da ya ci ba ya dawowa. Abin da ya yi saura a iyakar dama ba a cajin ka shi, don haka rage ta ba ta rage maka ko sisi.

Kabiru: Alhamdulillah ya shiga jama'a, tabbaci ɗaya ya nuna yanzu. Malam Allah ya saka da alheri. Na duba kuma adireshina da 3 ya fara, shi ma tsoho ne?

Malam Habu: Amin. Na 3 tsaka-tsaki ne, ya fi na 1 sauƙi amma bai kai bc1q ba. Ba sai ka yi gaggawa ba, buɗe sabon asusu mai bc1q a cikin walat ɗin ka riƙa karɓa da shi daga yanzu, sauran kuma ka kwashe su ranar da layi ya sauko. Amma tsaya, in da 3 ya fara nauyin tiransfa ɗinka ya kamata ya haura 141, sake duba min ko adireshin mutumin da ka tura wa kake kallo.

Kabiru: Eh nasa ne ashe, nawa bc1q ne.

Sadiku: Malam ba wanda ya taɓo Lightning, hanyar nan ta tura Bitcoin a gefen babban netwok, ko don ba USDT ba ne?

Malam Habu: Ga mai karɓar ƙananan Bitcoin irin Nura shi ne ma ya fi dacewa, satoshi kaɗan ne cajin kuma nan take yake isa, sannan ba ya tara maka guntayen nan da muka yi magana. Sai dai buɗe tasha da rufe ta a kan babban netwok ake yi kuma ana biya, walat ɗin da ke ɗauke maka wannan nauyin kuma yawanci su ke riƙe da makullin. Nura tambayi mai biyan ka ko yana iya turawa ta Lightning, ka kuma duba ko ekscenj ɗinka na karɓa, in duka biyun eh ne ka dawo mu duba wane walat zai yi maka.

Nura: Toh Malam, zan tambaye shi yau in sha Allah. Anti Zee na buɗe shafin cirewar yanzu, ga jerin netwok ɗin da suka ba ni da cajin kowanne, bari in ɗauki hotonsa in rufe balans in turo ki duba min wanne zan ce ya riƙa amfani da shi.